Wai ni kaɗai ne har yanzu The Big O bai fita a raina ba?

Baƙar_Kwat ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa masu kallon anime. Akwai abinda yake ta cin raina kwana biyun nan shi ne nace bari in kawo shi nan ko Allah zai haɗa ni da wanda zai gane me nake nufi. Duk inda aka zauna ana hirar katun ɗin Japan na manyan robot sunaye uku ne zuwa huɗu suke ta yawo, Gundam, Evangelion, Code Geass, wani lokaci a sako Gurren Lagann shikenan an gama. Ban taɓa jin wani ya buɗe baki don kansa yace The Big O ba, sai dai in ni na ambata, kuma ko na ambata sai kaji ance wanne ne kuma wannan.

Ga wanda bai san shi ba, labarin wani birni ne Paradigm City wanda shekara 40 da suka wuce wani abu ya faru kowa ya wayi gari bai san ko shi waye ba. Ba mai tuna ubansa, ba mai tuna me ya faru, amma hannu bai manta aiki ba, an iya tada inji an iya jawo wutar lantarki, sai aka ci gaba da rayuwa a haka. Masu hali suna cikin wasu manya manyan ƙubbobi da aka yi musu ranar ƙarya a ciki, talakawa kuma suna waje cikin duhu da hazo. A garin nan in wani guntun tunani ya dawo maka, ko da na yadda ake haɗa wani inji ne, to ka zama abin farauta. Jarumin Roger Smith aikinsa shiga tsakani, in an sace mutum ko rikici ya haɗa wasu shi ake ɗauka ya je ya sasanta. Baƙar kwat, doguwar baƙar mota, ba ya riƙe bindiga. Sai in magana ta ƙi ci ne yake ɗaga agogon hannunsa ya yi kira, sai kaga kwalta ta tsage Big O ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa.

Kuma wallahi abinda ya fi kama ni shi ne nauyin robot ɗin. Ba ya tashi sama, ba ya wani tsalle tsalle kamar su Gundam, tafiya yake kamar bene ne ya tsiro ƙafa, duk taku ɗaya sai gilasan gari sun girgiza. In zai yi naushi akwai wani ƙaton fistin a gwiwar hannunsa da yake ja baya tukuna, ka ji ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya sake shi. Wannan ɗan jiran kafin bugun, har yau ban ga wanda ya yi irinsa ba.

To tambayata biyu ce. Ta farko me yasa aka manta da shi haka? Ta biyu kuma ita ce ta fi damuna. Ni da fassarar Turanci na fara ganinsa a talabijin ina yaro, muryar Steve Blum ce a bakin Roger. Satin da ya wuce nace bari in kalli na asali da Japananci da rubutu a ƙasa tunda kowa cewa yake shi ne na gaske, na kai kashi na 4 na kashe. Ba wai mai muryar bai iya ba ne, ya iya sosai, amma ji nayi kamar wani baƙo ne ya ari kwat ɗin Roger ya saka. Shi ne nake tambayar kaina, anya katun ɗin nake so ko kuwa muryoyin da na girma da su ne kawai?

TsohonKaset ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam ba kai kaɗai bane, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Maganar mantawa tun daga haihuwarsa aka fara. Kamfanin Sunrise ne suka yi shi, ya fara fita a watan Oktoba 1999 a WOWOW, tashar tauraron ɗan adam ce da ba kowane gida a Japan take shiga ba. An tsara kashi 26 amma jama'a basu kalla ba sai aka tsaya a 13, kuma a tsakiyar rikici aka tsaya, wasu robot guda uku sun fito daga teku Roger ya tunkare su sai kawai aka rubuta za a ci gaba. Da a Japan kaɗai ne da shikenan an binne shi. Sai a Afrilu 2001 Cartoon Network suka saka shi a Toonami, sashensu na katun ɗin faɗa, yaran Amurka suka rungume shi, har ta kai Cartoon Network da kansu suka zuba kuɗi tare da Sunrise da Bandai Visual aka yi zango na biyu, ya fita 2003, a Amurka kuma aka nuna shi a Adult Swim, sashen Cartoon Network na dare na manya. Ka ga kenan masu kallon fassara su ne suka ceto shi, ba don su ba da rabin labarin babu shi kwata kwata.

Shi yasa ni ban yarda da cewa fassarar Turancin The Big O kwafi ce ta biyu ba. Duba garin da kyau, New York ce aka lulluɓe da hazo. Sunayen mutanen duk na Turawa ne, Roger, Dorothy, Norman, Dan Dastun, rubutun jikin allo da na jaridu duk Turanci. Kiɗan da Toshihiko Sahashi ya haɗa rabinsa jaz ne da saksofon irin na tsofaffin fina-finan Amurka baƙi da fari na shekarun 1940, waɗanda za ka ga mai bincike da hula yana tafiya cikin ruwan sama yana ba da labari da bakinsa, ga wata kyakkyawar mace da ba a san inda ta dosa ba. Angel kenan a nan, kusan duk zuwan da zata yi da sabon suna take zuwa. Sannan Sunrise suna cikin kamfanonin da aka ba kwangilar zana wasu kashi na katun ɗin Batman na 1992, shi yasa in ka ga inuwar da kafaɗun nan masu kusurwa sai ka ga kamar 'yan gida ɗaya. Attajiri mai baƙaƙen kaya, dattijon hadimi a gida, aboki a cikin 'yan sanda, ai ba a ɓoye kamar ba. Darakta Kazuyoshi Katayama da mai zane Keiichi Sato sun ɗauki wannan suka gwama da fina-finan dodanni na Japan da ake sa mutum cikin rigar roba yana rushe ƙananan gidaje, daga nan nauyin da kake magana ya fito.

Wani dalilin kuma na kasuwa ne. Gundam tun 1980 yake sayar da 'yan robobin haɗawa, kuɗin nan su suke sa kullum ana sabo, yaro ya taso ya tarar ana yi. The Big O ba shi da wannan gatan, 26 ne aka rufe. Sannan ya fito shekara ɗaya bayan Cowboy Bebop, kamfani ɗaya, jaz a nan jaz a can, a Turanci ma murya ɗaya ce ta jaruman biyu, to duk hasken sai ya tafi wajen wan.

Abba_Zaku ya rubuta:

Ku yi haƙuri yayyena amma bari in zama saniyar ware. Na kalle shi kaf kuma ina ganin akwai laifinsa a ciki, ba duka zalunci aka yi masa ba. Zango na ɗaya ba magana, kowane kashi da labarinsa, a kawo aiki a warware, a ɗan leƙa maka sirrin garin kaɗan a rufe. Amma na biyu da Chiaki Konaka ya riƙe rubutun shi kaɗai sai abin ya koma kacici kacici. Mutumin da ya rubuta Serial Experiments Lain ne to dama ba a tsammanin sauƙi, amma haba. Ana maganar tumatir, ana nuna fitilun dandamali a sararin sama, ana cewa ko duk garin wasan kwaikwayo ne, wata ƙatuwar robot Big Venus ta fito tana goge duniya, sai kuma aka dawo kamar farko. Mutum ya ba ka awanni yana jiran a faɗa masa me ya faru shekara 40 baya ka sallame shi da wata tambayar. Ta yaya zan ce wa abokina je ka kalla alhali na san zai dawo ya tsare ni da me ya faru a ƙarshe? Abu yana yaɗuwa ne in wanda ya gani ya iya tallata shi da baki. Ko zanen ma ya canza, na ɗaya da fenti aka yi a hannu duhunsa mai kauri ne, na biyu kalar kwamfuta ce ta yi tsaf da yawa.

Sai maganar fassara. Ni ɗan rubutun ƙasa ne kuma ina da hujja. Masu fassarar talabijin na lokacin sun yi ɓarna ba kaɗan ba. Kamfanin fassara na 4Kids sun mayar da sigarin Sanji na One Piece alewa mai tsinke, a Pokémon an nuna dunƙulen shinkafa ƙiri ƙiri ana ce masa donot. Shi kansa The Big O bai tsira ba, rubutun nan da yake fitowa a allo in Roger ya shiga robot, da yake cewa da sunan Ubangiji aka ƙera ka ba ka da laifi, a Toonami kalmar God aka mayar Good. Harafi ɗaya aka ƙara amma ma'anar ta tashi, don katun ɗin gaba ɗaya tambaya yake ko waɗannan injinan alloli ne a wajen mutanen garin ko kayan aiki, sunansu ma Megadeus, wato babban abin bauta. Don haka yaya Baƙar_Kwat amsata gare ka ita ce eh, yarinta ce take maka daɗi a kunne.

Yar_Fiyano ta rubuta:

Abba na yarda da kai a kan yanke yanken, wannan ba mai kare shi. Amma ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Almakashin tasha daban, aikin mai murya daban. Wanda ya goge sigari ba shi ne ya tsaya gaban makirfo ba.

Ni saboda Dorothy nake komawa wannan katun. Yarinya ce robot, fuskarta ba ta motsi, ba ta murmushi, to duk abinda zaka sani game da ita daga murya zai fito, kuma muryar ma an ce kar ta hau kar ta sauka. Ku yi tunanin wahalar wannan aikin. Lia Sargent ta yi ta a shimfiɗe kamar mai karanta takarda amma a ƙarƙashi kana jin lokacin da take tsokanar Roger da lokacin da abu ya taɓa ta. Kashi na 8 da ta tsinci kyanwa ta kawo gida ta ce zata riƙe, ku koma ku saurari yadda take kiran sunan kyanwar, ba kuka ba komai amma ni sai da na share hawaye. Ga kashi na 6 na Instro, robot mai kaɗa fiyano da yake koya mata, saboda ita kiɗanta daidai yake ɗari bisa ɗari amma babu rai a ciki, sai yake nuna mata cewa ɗan jinkirin nan da ɗan saurin nan da mutum yake yi su ne kiɗan. Kullum da safe da fiyanon take tada Roger daga barci da ƙarfin tsiya yana ta faɗa. Waɗannan ƙananan abubuwan na cikin gidan, dokar cewa duk mazaunin gidan sai ya sa baƙi, Norman da ido ɗaya a rufe yana dafa abinci yana kuma gyaran makamai, su suka fi zauna min fiye da faɗan.

Kuma mutane basu san yadda ake ɗora murya ba shi yasa suke raina ta. An riga an zana bakin, sau nawa zai buɗe sau nawa zai rufe an ƙidaya, mai rubutun fassara dole ya nemo jimlar da zata shiga wannan ramin daidai kuma ta yi ma'ana kuma ta yi kama da maganar mutum. Mai muryar shi kaɗai yake shiga ɗaki, sau da yawa bai ma ji abokin maganarsa ba, a buga masa ƙara uku a kunne a na huɗun da ba a bugawa ya fara. A haka aka fitar da Schwarzwald na Michael McConnohie, ɗan jaridar nan da neman gaskiya ya haukata ya naɗe jikinsa da bandeji, in ya fara wa'azinsa tsigar jikinka sai ta tashi.

Ni ma ba da Turanci kaɗai na taso ba, na sha kallon na Larabci a tashar Spacetoon. Har gobe in an ce Tsubasa sai na ɗan tsaya kafin in gane Kyaftin Majid ake nufi. Larabawan da suka taso da Grendizer muryar Jihad al-Atrash ce jarumin a wajensu, Faransawa kuma tun 1978 Goldorak suka san shi, ka je ka ce musu ba na gaske suka kalla ba ka gani. Yaya Baƙar_Kwat abinda zan ce maka, muryar da ka fara ji ta shiga cikin katun ɗin a wajenka, ba ka da yadda zaka ɓamɓare ta, kuma ban ga dalilin da zai sa ka so ɓamɓarewa ba. Akwai kashi na 11 da mutanen garin suke bikin ƙarshen shekara suna ba juna kyauta alhali ba wanda ya tuna asalin bikin ko na waye, amma murnar da suke yi ta gaske ce. Duk sanda na ji ana cewa son tsohon katun yarinta ce kawai wannan kashin nake tunawa.

Baƙar_Kwat ya rubuta:

Kai 'yar uwa Allah ya saka da alheri, na manta da kashin kyanwar nan sam sai da kika faɗa, yanzu duk ya dawo min har da ruwan saman. Abba ban ƙi taka ba a kan ƙarshen, nima ranar da na fara ganinsa shiru nayi na daɗe. Amma daga baya na lura a kashi na ƙarshe ba da naushi Roger ya gama ba, fitowa yayi ya tsaya yana magana, sasanci yake da wadda zata goge duniyar, yana ce mata mutane ba tunanin baya kaɗai bane. Tun kashi na 1 ake ce mana mai shiga tsakani ne muna ganin duk sasancinsa da rushe gari yake ƙarewa, sai a nan ne aikin nasa ya ci. Wannan ya ishe ni ko ba a faɗa min me ya faru shekara 40 baya ba.

Kawu_Voltron ya rubuta:

Yara kun tuna min da nisa. Ni na girme ku, nawa zamanin Voltron ne, zakuna biyar su haɗu su zama ɗaya. Sai da na girma har na ajiye iyali na san cewa katun ɗin Japan ne mai suna GoLion na 1981 aka yanka aka ɗora masa Turanci a 1984. A namu an ce Sven, ɗaya daga cikin matuƙan zakunan, rauni ya ji aka kai shi wata duniya jinya, ashe a na asali mutuwa yayi. Da na ji haka raina ya ɗan sosu, kamar an ɓoye min rasuwar wani na sani shekara da shekaru. To ka ga Abba yana da gaskiya ta wannan gefen. Robotech ma katun uku ne da ba abinda ya haɗa su aka ɗinke su a 1985 don a samu yawan kashin da tashoshi suke so.

Amma abinda nake kewa ba fassarar kaɗai bace, jiran ne. Lokaci ɗaya ake sawa, in ka makara ya wuce ka sai dai a ba ka labari gobe, kuma mai ba ka labarin sai ya kwaikwayi muryar. Ba a kwaikwayon rubutun ƙasa ai. Muryar Peter Cullen da take buɗe Voltron, shi ne dai Optimus Prime, daga baya kuma shi yake tallan shirye shiryen Toonami, in na ji ta yanzu sai in ji ƙamshin ɗakin da nake zama in kalla. The Big O da girmana na gan shi wajen ƙanena kuma abinda ya tsayar da ni a bakin ƙofa shi ne na ga robot mai tafiya a hankali irin na da, a lokacin da kowa ya koma gudu da walƙiya. Irin wannan katun da yake ba ka sirri kaɗan kaɗan sati sati aka gina shi, ka kwana shida kana juya abin a kai. Wanda ya zauna ya haɗiye 26 a kwana biyu dole ƙarshen ya shaƙe shi.

Abba_Zaku ya rubuta:

Kawu wannan ta ƙarshen ta shige ni don ni a kwana uku na gama shi. Zan sake, kashi ɗaya duk dare, kuma Anti Yar_Fiyano saboda ke zan sa Turancin in saurari Dorothy da kyau. Amma ban janye maganar tumatir ba, duk wanda ya gane me Gordon Rosewater, dattijon mai noman tumatir ɗin, yake nufi da gonar nan ya zo ya min bayani.

TsohonKaset ya rubuta:

Nemi wanda ba a yanka ba, Sentai Filmworks sun fitar da shi a Blu-ray a 2017 duka 26 ɗin da harsunan biyu, rubutun allon ma yana nan yadda yake. Ka kula muryar Norman zata canza a zango na biyu, Alan Oppenheimer ne ya karɓa, wanda yayi Skeletor a He-Man, kar ka ɗauka faifan ne ya lalace. Maganar tumatir kuma ka kai kashi na 14 tukuna, inda Roger ya farka a wani gari da ba wanda ya san shi, sai ka dawo nan mu ɗora daga can.